Irin Mama Saratu

Mu huɗu ne a lambun ranar da aka yi dashen nan. Akwai ni, Jummai, wadda duk bakin rafin Samaru ke kira Gwaggo. Akwai Malam Ilu mai injin ban-ruwa, yana zaune a gindin mangwaro yana ɗaure tiyonsa da roba inda ya tsage. Akwai Iya Sikira, Bayarabiyar da ta fi shekara ashirin tana zuwa daga Sabon Gari sarin ganye a wurinmu. Sai Rifkatu, 'yar marigayiya Mama Saratu wadda ta koya mini sana'ar nan, tana duƙe a cikin kwami, ɗan yankin da ake dashe a ciki, da sabon takalmin roba har gwiwa. Duk suna raye. Wanda ya ga kamar na yi ƙari ya je ya tambaye su.

Ku nake ba labarin, ku da kuka gama karatu aiki bai samu ba, kuke zuwa mini da waya a hannu wai in nuna muku noman gautan kaji a sati biyu. Dukkanku da magana ɗaya kuke farawa: ai ciyawa ce, Gwaggo, ko a bayan gida fitowa take. Tana fitowa kam. Ka tsinko wadda ta fito da kanta ka kai kasuwar Sabon Gari, ka ga ko akwai wadda za ta ɗaga kai ta dube ka. Ganyenta ƙanana, ɗacinta kamar magani. Namu daban ne. Yarabawa na ce masa odu, mutanen Mambila na ce masa kumbi, kuma ganyen ake ci, ba 'ya'yan ba. Wanda Mama Saratu ta zo da shi daga garinsu can kudu, ƙulle a bakin zane, ganyensa ya kai tafin hannu, karansa da ɗan ja-ja, ɗacinsa kaɗan ne, sai ka haɗiye kake jin shi a ƙarshen harshe.

Fitar da iri shi ne aiki na farko da na ga tana yi, lokacin ina sabuwar zuwa Samaru, maigidana yana leburanci. Ta tara 'ya'yan da suka nuna suka yi baƙi ƙirin a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta murje da yatsu har hannunta ya rine. Na banza ya taso ta zubar. Na kirki ya kwanta a ƙasa, ƙwayarsa ba ta kai ta riɗi ba. Ta shanya a tsumma cikin inuwa kwana huɗu, ta cuɗa da toka, ta ɗura a kwalba, ta toshe da totuwar masara. A shekara ba ta taɓa shuka fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwalbar ba. Kuma ba ta taɓa ba kowa ko ɗan tsunkule ba. Matan bakin rafi sun roƙa, matar fasto ma ta roƙa har sau biyu. Cewa take in kowa ya samu, masu sari ba su da dalilin tako mana ƙafa har nan. Da ta rasu kwalbar ta dawo hannuna, na ɗora a kan halinta, har na fi ta.

Tazara da hannu ake auna ta. Tsakanin layi da layi kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Tsakanin tushe da tushe ɗani ɗaya, wato buɗin babban yatsa da na tsakiya, da yatsu huɗu. Waɗanda za a bari su yi 'ya'ya don iri kuwa a kusurwa ake sa su, kamu biyu ta kowane gefe, kuma wuƙa ba ta taɓa su. Dalili shi ne saiwar gautan kaji ba ta nitsa. A nan sama-sama take bazuwa, a nan take cin abincinta. In ka cushe su, kafin sati biyu saiwa ta sarƙe da saiwa, kowa ɗan kaɗan yake samu. Sai su shiga tseren neman rana, kara ya yi tsawo ya yi siriri, ɗan abin da suka sha ya tafi a kara, ganye ya fito shara-shara. Na ƙasa ne ke fara yin rawaya, don shukar in ta rasa a ƙasa, jikinta take komawa ci, ta zuƙe tsohon ganye ta ba sabo. In kuma ka ware su da yawa don ka ji na ce haka, ka bar ƙasa tsirara, rana ta busar da takin, ruwa ya wanke ƙarfinsa ya kai shi inda saiwa ba ta zuwa, ragowar ciyawa ta cinye. Abin da ake nema shi ne a sati na biyar ganyen wannan ya taɓa ganyen wancan. Ya taɓa kawai, kada ya hau.

Tulin taki kuma wata biyu kafin dashe ake fara shi. Kashin shanu sanyi gare shi, a hankali yake sakin abin da ke cikinsa, amma yana daɗewa. Kashin kaji zafi, shi ke ba ganye wannan kore mai duhu, shi ne kuma ke kashe shuka in an yi gaggawa. Wanda ake sayowa a gidajen kaji ba shi kaɗai yake zuwa ba. A gauraye yake da garin katakon da ake kwasowa a Chikaji ana shimfiɗa wa kajin. Ɗanyen garin katako shi ma mai ci ne. Kafin ya ruɓe sai ya shanye ƙarfin takin, har ya janye na ƙasar, shuka tana zaune a tsakiyar taki tana jin yunwa. Shi ya sa ake jera shi hawa-hawa, na kaji, na shanu, toka, a yayyafa ruwa, a rufe da tsofaffin buhuna, duk sati a juya da shebur. Ranar da za ka san ya yi, ka tura hannu har gwiwa. In ka ji ɗumi, ka mai da buhu ka tafi. In ya yi sanyi, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko, to ya isa. Kwano ɗaya na awo yana ciyar da tushe huɗu, kuma a gefe ake sa shi, ba a wuyan shuka ba.

Duk wannan wahala, Iya Sikira a minti ɗaya take karanta ta. Ta tsinki ganye ta ninke shi biyu a yatsa. In ya karye da 'yar ƙara, ya ƙoshi. In ya lanƙwashe kamar tsumma, ta yar. Sai ta tauna kara ta tofar. Ita ke kai wa masu tuwo na unguwar PZ, da gidajen da ke da mai jego ko mai ƙarancin jini, kuma ta ce tukunya ba ta rufa wa kowa asiri: ganyen da ya ƙoshi ɗauri ɗaya ya ishi gida, wanda aka cushe kuwa yana jin wuta yake narkewa ya bar ruwa kore.

Ni ma na yi nawa kuskuren a shekarata ta farko. Na ga dashen ya rage a hannuna, na ji tausayin zubarwa, na cusa shi duka a kwami ɗaya. Mama Saratu ta wuce ta gani ba ta ce uffan ba. A bakin rafin nan haka al'adar take, ba a shiga kwamin mutum da ƙafa ko da baki sai ya tambaya. An sha rigima a kan haka: ka ba mutum shawara, shuka ta lalace, a ce bakinka ne. Amma kwami ɗaya ta bar ni na ɓata, kuma irin kasuwa ta ba ni. A sati na uku ta tuɓe takalmi ta shigo, ta tuge biyu cikin kowane uku, ta danƙa mini su a hannu ta ce in kai wa awaki. Daga wannan darasi shirun kawai na ɗauka. Sauran sai daga baya na tuna.

Shekarar da nake ba ku labari, ƙasata ta gaji. Na tuge wani tushe na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, alamar an daɗe ana maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya. Na ce to bana gautan kaji ya huta, na sa albasa da masarar rani. Irin Mama Saratu ba ya ko'ina sai cikin kwalba a ɗakina.

A ranin ne kamfanin da Rifkatu ke kula wa da sito a Chikaji ya rage ma'aikata, ya haɗa da ita. Ga yara biyu a makaranta. Ta zo ta same ni ina cirar ciyawa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ce tana son kwami shida na mamanta, da irin. Na ce hakkinta ne. Na ce amma ta zauna kusa da ni rani ɗaya tukuna, ta ga yadda ake yi. Ta yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyarku. Ta ce ta kalli yadda ake yi a waya. Sannan ta ƙara, a gaban Malam Ilu:

"Gwaggo, Mama ta yi shekara talatin a nan ko ɗaki ba ta gina ba. Ni da lissafi zan yi nawa."

Mama Saratun da take wa wannan magana, da ganyen nan ta biya mata makaranta tun daga firamare. Washegari na kawo kwalbar gaba ɗaya na miƙa mata. Ban ɗebi komai ba, ban kuma ce mata kashi ɗaya ake shukawa ba. Bayan kwana uku na ga kwalbar a gindin mangwaro, ba komai a ciki sai ƙurar toka. Ta watsa shi duka a wurin reno. Daga ranar, duk abin da ya rage na irin nan a duniya yana cikin wannan ɗan fili da bai fi tabarma biyu ba.

Renon ya yi kyau, wannan ban hana ta ba. Da ya kai ganye shida ta sa ranar dashe. Ana gobe, keke napep ya sauke mata buhu takwas na kashin kaji daga wani gidan kaji ta wajen Zabi, ɗanye, da gashin kajin a ciki, buhun ma in ka dafa da ɗumi. Ta baza shi a kwami shida har ƙasar ta ɓace.

To ga mu a ranar da na fara faɗa muku. Dashe ya yi mata yawa, ita ma ta ji tausayin zubarwa. Yatsu huɗu take bari tsakanin tushe da tushe, layi kan layi. Iya Sikira ta zo duba albasata, ta tsaya a bakin kwamin ta riƙe ƙugu.

"Rifi, wannan dashe ne ko kitso?"

Rifkatu ta ce tushe da yawa ɗauri da yawa, taki kuma ga shi nan, kowa zai ƙoshi. Iya ta dube ni, na dubi albasa. Ta ce to, ita dai mai saye ce, ba mai shuka ba, ta ja jakarta. Malam Ilu ya matso da tiyonsa ya rage murya, ya ce warin takin nan har hawaye yake sa shi, ba zan ce komai ba? Na ce an tambaye ni? Ya ce ai 'yata ce. Na ce 'yata mai lissafi ce.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba sai yau shi ne, Rifkatu ta tambaye ni. Da ta gama kwami na biyu ta miƙe tana dafe da baya, zufa na zuba, ta waiwayo.

"Gwaggo, ya kika gani?"

Na ce, "Sannu da aiki."

Ta ɗan tsaya tana jira ko da saura. Da ta ga babu, ta koma ta duƙa.

Ni ma da nawa lissafin. Na ce bari ya kai yankan farko, Iya Sikira ta ninke ganyen ta yar a gabanta, ta zo ta same ni da kanta. Sannan in shiga in rage, in ware na kusurwa su yi 'ya'ya, mu cika kwalba. Gautan kaji taurin rai gare shi. Ban taɓa ganin ya mutu duka ba.

Kwana goma na farko wasu suka ƙone, zafin takin ya dafa musu saiwa. Waɗanda suka tsira suka miƙe sama kamar tsintsiya, ta yi ta ɗaukar su hoto. A sati na uku rawaya ta fara daga ƙasa tana hawa. Ta gane yunwa ce, kuma ta yi daidai, yunwa ce. Abin da ba ta sani ba shi ne garin katako ne ke cinye abincin, ɗan abin da ya rage kuma baki dubu ke jiransa. Sai ta ƙaro buhu uku na wannan takin dai, ta tura shi har wuyan shuka, ta ce wa Malam Ilu ya riƙa sakar mata ruwa safe da yamma don ya narke.

Ina tsaye da jakata aka sauke buhunan. Yayana ne ya rasu a ƙauyenmu ta wajen Giwa, mota nake shirin bi. Na ga buhunan, na san abin da za su yi. Daga inda nake zuwa inda take bai fi taku ashirin ba. Na ce kwana uku ne, in na dawo na shiga kwamin ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Zaman makoki ya haɗu da rabon gona, na yi kwana tara.

Da la'asar na dawo, ko gida ban biya ba. Tun daga hanya na ji warin. Ba warin taki ba, warin ruɓa. Iska ba ta da hanyar ratsawa tsakaninsu, ƙasa kullum a jiƙe, taki mai zafi a wuya. Duk tushen da na ɗaga, wuyansa ya yi baƙi ya yi laushi, ya rabu da saiwar a hannuna. Sun kwanta kan juna kamar an bi ta kansu da tabarma. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari sun nannaɗe sauran ganyen. 'Yan kaɗan sun yi saurin fitar da fure tun ba su isa ba, yadda shuka ke yi in ta ji mutuwa, furen ma ya bushe.

Rifkatu na zaune a kan kunya ta tuɓe takalmin. Ta yi mini gaisuwar rashi, na amsa. Ta ce kuɗin sallamarta ne ya tafi a takin da ruwan, amma ba komai, ta ji jiki, za ta sake, wannan karon yadda na ce. Sai ta tambaya ko akwai sauran iri a gida. Na ce babu. Ta ce wajen matan bakin rafi fa. Na ce ba mu taɓa ba kowa ba. Ta ce garin mamanta fa. Na gaya mata abin da Mama Saratu ta gaya mini, cewa da ta je gida na ƙarshe ta nema ba ta samu ba, kowa ya koma noman citta.

Ta dubi kwamin, ta dube ni.

"Gwaggo, tun yaushe kika san zai mutu?"

"Ban san zai mutu duka ba."

"Tun yaushe kika san ba daidai nake yi ba?"

"Tun ranar dashe."

"Na tambaye ki ranar."

"Kin tambaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe ƙafarta, ta ɗauki takalmin a hannu, ta ce, "Da Mama ce, zagina za ta yi a gaban kowa. Da yanzu irin yana nan." Ta bi hanyar titi.

Ba ta sake taka lambun ba. Yanzu tana tsaron shagon wani a PZ. In mun haɗu a coci tana durƙusawa ta gaishe ni, ta tambayi ciwon ƙafata, iyakarta ke nan. Kwami shidan ni ke noma su, da irin kasuwa. Da tazara mai kyau da takin da ya huce yana yin abin da zai iya, amma ganyen bai wuce yatsu uku ba. Iya Sikira na saye. Tana ninkewa, ya karye, ta zuba a buhu. Masu tuwon PZ sun yi shekara biyu suna tambayarta ina mai faɗin nan, sannan suka daina.

Shi ya sa in kun zo nake muku faɗa tun ba ku ajiye jaka ba, har kuke cewa tsohuwar nan ta cika baki. Shi ya sa kuma duk wanda ya miƙo hannu nake zuba masa iri, duk da wanda nake da shi yanzu ba abin roƙo ba ne.

Washegarin ranar da Rifkatu ta tafi, gari na wayewa na sauka lambu da kwando. Na fara daga kwami na farko. Ban sa fartanya ba, da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗagawa, ina duba ƙarƙashin kowane reshe kafin in jefa a kwando. Rana ta take ina kwami na huɗu. A bakin na shida, can gefen da tushen ƙarshe ya samu sarari ta ɓangare ɗaya, na tarar da 'ya'ya tara a reshe biyu, kore shar, ba su kai ƙwayar dawa ba. Malam Ilu ya kashe injinsa ya zo ya leƙa tafin hannuna.

"Za su yi, Gwaggo?"

Na ce, "Ba za su yi ba. Ba su ƙosa ba."

Na ƙulle su a bakin zanena na tafi da su gida.